Mai Agogo Biyu

Ranar Laraba ce, ina rumfata a Sabon Gari,
gilashin gyara a ido ɗaya,
sai ɗan acaɓa ya sauke min baƙuwa.
Baturiya, furfura ta fara cin kanta,
zufa ta jiƙa wuyan rigarta.
Hilda, in ji ta,
daga ƙasar da gari ke wayewa sa'ad da muke sallar isha'i.
Ɗana Barau ya yi mana tafinta.

Ta shimfiɗa takarda a kan tebur,
na danne mata gefe da kwalbar mai.
Bishiya aka zana.
Saiwarta na wani ƙauyen Ingila,
rassanta sun haye teku:
wannan ya yi kiwon tumaki,
wannan zazzaɓi ya ɗauke shi a jirgin ruwa,
wannan ta haifi tara a ƙasar ƙanƙara.
Can gefe, wani guntun reshe kamar an sare da adda:
Zariya, shekara biyar, ma'aikacin reluwe.
Bai bar baya ba.

Ta faɗi sunansa sau uku.
Na ce ban san shi ba, kuma ban yi ƙarya ba.
Zagezagi ba sa riƙe sunan da harshe ke tuntuɓe a kai,
sukan dubi mutum su raɗa masa nasu.

Ta je maƙabartar Turawa, ciyawa har ƙugu.
Ta je tasha, aka ce gara ta cinye kundin,
sauran kuwa an naɗe ƙosai da shi.
Wani tsohon mai ɗaga tuta ne ya ce:
nemi Tanimu mai agogo.

Sai ta kwance ƙyalle.
Agogon aljihu, na azurfa, sarƙar ta tsinke.
Shekara talatin hannuna bai yi rawa a kan aiki ba
sai ran nan.

Kakata Tabawa fura take sayarwa a bakin tasha.
Ba ta yawan zancensa.
In jirgin Kano ya yi kuka da dare
sai ta ce wa bango: Mai Agogo Biyu ba ya son latti.
Ɗaya na lokacin Zariya,
ɗaya na lokacin uwarsa.
Da zai tafi ya ba ta guda, ya ce damina biyu.
Ta ƙirga arba'in da ɗaya.
Ubana Jatau ya girma yara na bin sa da jan kunne, jan kunne.
In ya taɓa tambaya,
to ba a gabanmu ba.

Na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin benci.
Na jera su kamar tagwaye ranar suna.
Haruffan bayansu iri ɗaya.
Namu kullum awa guda yake baya,
Tabawa ta hana a gyara,
ni da gyara ne abincina.
Hilda ta rufe baki da tafi.
Ta ce nasu, har ya mutu, a kan wani lokaci yake ajiye shi
wanda ba na kowa ba ne a gidan.
Suna ce masa agogon ƙarya.

Ta ciro biro ta soke layin nan.
Ta ce in faɗa.
Jatau. Tanimu. Dudu da ke aure a Kwarbai.
Lantana, Allah ya ji ƙanta. 'Ya'yan Lantana bakwai.
Takarda ta ƙare.
Muka ci gaba a bayan rasit.

Ban ce mata 'yar'uwa ba.
Damina arba'in da ɗaya ba a share ta da biro.
Amma na buɗe nata, na hure ƙura, na ɗiga mai,
ya yi tari, ya kama tafiya.
Na ce wane lokaci zan sa?
Ladanin masallacin kasuwa ya ɗaga murya.
Ta nuna sama da yatsa.

Na saita shi a kan azahar,
na aiki Barau ya sayo fura.